Yarinyar da Ba Ta Cin Na Gaba da Ita

Ni Bakatsiniya ce, aure ne ya kawo ni Birnin Kebbi, kuma tun ranar da aka sauke ni ba a bar ni na manta da hakan ba. Ban gama zama a bakin gado ba wata gwaggon mijina ta leƙo ta ce, "To, baiwarmu ta iso, a miƙa mata tsintsiya." Na san da wasan da ke tsakanin Kabawa da Katsinawa tun a gida: kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, yaro na iya faɗa wa tsoho abin da ya ga dama, kuma ba a fushi. Abin da ban taɓa yi ba shi ne zama ni kaɗai a tsakiyar Kabawa. Da na ga ba mai tausaya mini sai na saki bakina, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya jiran a roƙe shi.

Lissafi nake koyarwa a wata firamare da ke Gwadangaji. Wasan ces kuwa, wato darar Turawa, a kwalejin horon malamai na koye shi, wurin wata abokiyar ɗakina da ba ta da aiki sai cinye ni tana dariya. Allon ya yi shekaru a ƙasan akwatina, ƙarƙashin zannuwa. Wata rana na gaji da ganin yaran da ke jiran a zo ɗaukarsu suna jifan juna da ƙwallon mangwaro, sai na je wurin hedimasta na ce ina son buɗe kulob. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce shi dara ya sani, kuma bai taɓa ganin ta kai kowa ko'ina ba sai gindin bishiya. Duk da haka ya ba ni ajin da ke kusa da famfo, ranar Laraba bayan an tashi.

Allo ɗaya gare mu na gaske. Sauran a kan kwalin taliya muka zana su, 'ya'yan kuma murafun kwalba ne da muka yi wa alama. Sarki da sarauniya da doki ba su ba mu wahalar suna ba. Na kusurwa muka kira shi soro, ƙananan na gaba kuma dakaru. Mai tafiya a karkace kuwa yara suka ce ƙaguwa ce, ni da ban tashi a bakin gulbi ba na ce na ji na yarda. Wasan gaba ɗaya suka raɗa masa darar Malama. Dokoki biyu na kafa, kuma ban yi wasa da su ba. In ka taɓa ɗa, da shi za ka tafi, ba dawowa. In kuma ka tsare sarkin abokin wasanka, sai ka dube shi ka ce masa da bakinka, "Ba mafita."

Akwai wata 'yar aji huɗu, siririya, wadda hijabinta ke kusan taɓa ƙasa. Ba don wasan ta fara zuwa ba. Yayanta ɗan aji shida yana cikin kulob ɗin, tare suke komawa gida a keke-napep, don haka dole ta jira shi, rungume da jakarta da tasa. Ta daɗe tana kallo daga bakin taga. Ran nan wani yaro ya rasa abokin wasa, na ce ta zo ta zauna. Kafin in zagaya aji in dawo ta tsare masa sarki da doki da soro, ta ce masa "Ba mahita" da irin harshensu, tana gyara hijabi kamar ba ita ta yi ba.

Daga nan na sa mata ido. Sa'anninta duk ta share su. Tana ganin abin da zai faru tun bai taso ba, kuma ba ta gaggawa. Na taɓa koyar da yara masu kaifin kai, amma wannan ta sa ni komawa gida ina ba mijina labari har ya ce in bar shi ya ci tuwonsa.

Sai dai akwai abin da ya ɗaure mini kai. Da zarar na haɗa ta da ɗan aji biyar ko shida, sai ta faɗi. Kuma faɗuwar iri ɗaya ce kullum. Za ta yi wasa mai kyau har ta matse mutum ya rasa inda zai sa kansa, saura taku ɗaya ko biyu, sai ta ɗauki sarauniyarta ta ajiye a bakin dakarensa. Ya cinye yana murna, ita kuma ta sunkuyar da kai. Da ni ma haka take yi. Da yayanta kuwa ba ta ma bari a yi nisa. Shi kuma yakan tashi yana hura hanci, ya ce mata ta riƙa lura.

Ana haka wani malami da ke da irin wannan kulob a wata firamare ta Argungu ya aiko yana gayyatarmu wasan zumunci. Hedimastanmu, mutumin da ya ce dara ba ta kai kowa ko'ina, da ya ji Argungu ce sai ya miƙe zaune. Ya ce da motarsa za a je, kuma kujerar baya yara huɗu take ɗauka. Na tsaya gaban kulob na ce kowa zai kara da kowa, huɗun da suka fi cin wasa su ne masu tafiya, ba ɗan gata ba ɗan bora. Da bakina na faɗa, kuma yara ba sa manta irin wannan magana.

Da aka watse yarinyar ta tsaya tana murza igiyar jaka. Ta ce, "Malama, in anka tahi, ana barin mutane su yi kallo?" Na ce ana bari, wa take so ya gani? Ta ce kakanta yana Gulma, kusa da Argungu, kuma shi ya koya mata dara tun tana ƙarama. Ban taɓa jin ta nemi wani abu ba sai ranar. Na kuma san in aka tafi a yadda ake, kujerar nan ba za ta same ta ba, domin manya sun fi huɗu a kulob ɗin kuma kowannensu kyautar sarauniya take yi masa.

Larabar da ta biyo ta sake yi wa yayanta kyautar a gabana, raina ya ɓaci. Na tsayar da ita bayan kowa ya fita, na mayar da 'ya'yan yadda suke kafin ta yi kyautar, na ce ta nuna mini abin da ya kamata. Ba ta ko yi tunani ba, ta tura ƙaguwa, sarki ya tsaru. Na ce, "To don me? Ni kike raina wa hankali, ko kanki?" Hawaye ya zubo mata, ba sauti. Can ta ce, "Malama, ai magajina na." Haka suke kiran yaya a nan. "Ƙaƙa za ni duba mai in ce ba mahita? Sauran ma sun girme ni."

Na je gidansu da niyyar kai ƙara. Mahaifiyarta ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, ta saurare ni har na gama. Sai na ga fuskarta ta washe. Ta ce, "Malama, ni ban ga laihi ba. Ɗiya wadda ta san na gaba da ita, mi ya hi wanga? Haka munka tashi." Ni ma haka nake renon nawa: kada a haɗa ido da babba, kada a riga shi sa hannu a kwano, kada a ƙaryata shi a gaban mutane. Na sha furata na yi godiya na fito. A keke-napep na ji baƙin ciki sosai, don na ga abin da ya sa nake son yarinyar shi ne kuma zai hana ta tafiya.

Lokacin yankan shinkafa ne, sai ga kakan ya kawo wa ɗansa sabuwar shinkafa daga Gulma, ya biyo mai keke-napep don ɗaukar jikokinsa. Dogon tsoho ne, duga-dugansa duk faso, irin na wanda ya ƙare rayuwarsa a fadama. Na gaishe shi na ce su ɗan jira mu gama. Ya karkata kunne ya ce, "Wagga murya ta Katsinawa ta. Ashe baiwata anka ba jikokina ta karantar?" Na ce, "Baba, ai gara da aka kawo mu, da har yanzu kifi kuke ƙirgawa da yatsu." Ya yi dariya har da buga sanda. Ya ce mu da ba mu taɓa ganin kifin da ya wuce ɗan yatsa ba, wa ya ba mu bakin magana.

Na koma aji. Da na fito na tarar ya tona ramukan dara a ƙasa gindin dogonyaro, shi da tsinke, jikarsa da tsakuwa. Na tsaya cak. Yarinyar da ban taɓa jin muryarta ta wuce tebur ba, ga ta durƙushe, hijabi a tattare, tana cinye masa tsinke ɗaya bayan ɗaya. Tana cewa, "Tsoho, ka tsuhwa. In ba ka iyawa in sake miji." Shi kuma yana cewa, "Ke matata, yi a hankali, wa za ya aure ki da wanga baki?" Ta share shi tas, ta tafa hannu ta yi masa gwalo.

Na ce, "Baba, kai ka girmi kowa, ga shi ta cinye ka ba kunya. A aji kuwa ɗan aji biyar ma ba ta iya ci." Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum. Ya ce, "Ai ni abokin wasanta na. Jika da kaka ba kunya." Sannan ya nuna ni da sanda. "Ke ma hwa taubashiyarta ta. Ba ki gaya mata ba?"

Ban gaya mata ba. A makaranta ni Malama ce kawai, ban taɓa kawo Katsina cikin aji ba.

Laraba na zagayowa na ɗauko allon gasken na ajiye a gabanta. Na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ke Bakabiya, zo nan. An ce mini ku ban da kamun kifi ba abin da kuka iya. Zo uwargijiyarki ta Katsina ta koya miki hankali." Ta ɗago ta dube ni, karo na farko ido cikin ido. Na ga gefen bakinta yana rawa. Ta zauna.

Na yi wasa da iyakar ƙarfina, Allah ya sani. Ta cinye mini doki, ta ce a hankali, "Baiwa, dokinki ya tahi." Yara suka kwashe da dariya. Ta bi ni lungu-lungu har ta kai sarkina kusurwa. Hannunta ya tsaya a kan sarauniya, na ce a raina ga kyautar nan tafe. Sai ta tura ta gaba ta ce, "Ba mahita, Malama." Abokiyar ɗakina ta cinye ni ba adadi a kwaleji ban taɓa jin daɗi ba, amma ranar na koma gida ina 'yar waƙa a hanya.

Abin da ya biyo baya ban shirya shi ba. Yara suka ga ashe akwai hanyar da za a tsokani babba a zauna lafiya, sai kowa ya shiga tonon asali. Wata Bafulatana ta gano mahaifiyar wani yaro Babarbariya ce, suka fara kiran juna bawa. Wasu biyu suka tuna ɗan mace da ɗan namiji ne. Wani ƙaton ɗan aji shida, wanda mahaifinsa Bakatsine ne mai shago a unguwar Nasarawa, ya bugi ƙirji ya ce zai rama mini. Ta yi masa kaca-kaca. Wani kuma ya rantse kakarsa ta taɓa zama a Funtuwa, don haka shi ma a sa shi cikin Katsinawa. Yarinyar ta dube shi ta ce ta karɓa, ta cinye shi. Na san wannan asali bai da ƙafa, amma na bar shi a haka.

Haka ta riƙa hawa har gasar ta zo ƙarshe. Kujeru uku suka samu masu su. Ta huɗun ta rage tsakaninta da yayanta, kuma a nan dabarata ta ƙare. Ciki ɗaya suka fito, ba wani wasa tsakanin wa da ƙanwa, ba kuma garin da zan laƙaba masa. Shi ma yaron ya ba ni tausayi. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a firamare, yana son tafiyar, kuma tun ranar da ya ga ta cinye ɗan mai shagon nan, wanda shi bai taɓa ci ba, ya daina hura hanci. Ya rage magana. Yaro ne mai hankali, ya yi lissafinsa shi kaɗai.

Ranar wasan na ba su allon gasken. Yara suka kewaye su, har hedimasta ya zo ya tsaya bakin ƙofa yana yi kamar famfo ya zo dubawa. Ta yi wasa kanta a sunkuye. Duk da haka hannunta ya fi ta gaskiya, kafin a jima ta matse shi. Na ga tsarin, saura taku biyu. Ta ɗauki sarauniya, ta riƙe ta a sama, sannan ta ajiye a bakin dakarensa.

Na rufe ido don takaici. Da na buɗe bai ci ba. Yana kallon sarauniyar. Sai ya sa yatsa ya tura ta, ya mayar da ita gidan da ta fito.

Wani yaro ya ce, "Malama, an taɓa." Doka ta ce ba dawowa, kuma ni na kafa ta. Na juya ina kallon taga, na ce ban ga komai ba, ƙura ta shiga mini ido. Hedimasta ma ya ce shi famfo yake dubawa.

Yayan ya ce mata, "Wa a babba, ni ko ke?"

Ta ce, "Kai na, Yaya."

"In na aike ki, kina zuwa?"

"Ina zuwa."

"To na ce ki yi wasa yadda kinka iya. Kyautar ta ishe ni."

Ta gyara zama. Sannan ta tura soro. Ya kauce da sarki, don ba shi da wani abin yi. Ta kawo sarauniya ta rufe. Ta sauka daga benci ta ɗan rusuna, kamar mai miƙa masa ruwa, ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ba mahita." Ya ce, "Na gani." Ya tashi ya fita wajen famfo ya daɗe yana wanke fuska. Ban bar kowa ya bi shi ba.

Ranar Asabar da safe muka taru a ƙofar makaranta. Ban zaci yayan zai zo ba, sai ga su tafe, shi ne riƙe da jakarta. Ni kuwa wata damuwar ce ta hana ni sakewa: yaran Argungu Kabawa ne 'yan'uwanta, ba taubashi ko ɗaya, kuma an ce manya ne. Da za ta shiga mota ya miƙa mata jakar ya ce, "Duk wanda anka aza gabanki can, ni na aike ki wurinai. Kin ji ko?" Ta ce ta ji.

Muka bi hanya, shinkafa a tare a gonaki dama da hagu, hedimasta na ta ba yara shawarar wasan da bai iya ba. Muna isa muka tarar da tsohon ya riga mu, ɗan acaɓa ya kawo shi daga Gulma, ya sha babbar riga. Yana ganina ya ce a ba baiwarsa kujera ta gaji. Na ce ya zauna kawai ya ga abin da Katsinawa suka koyar.

Wanda aka fara haɗa ta da shi dogon yaro ne, har gashin baki ya fara yi masa alama. Ta rusuna ta gaishe shi, na ce a raina shi ke nan, mun koma gidan jiya. Sai na ji ta ce, "Magajina ya aiko ni wurinka." Yaron ya ce, "Aiken mi?" Ta tura dakare. Bai jima ba ya gane aiken. Tsohon bai san tafiyar ko ɗa ɗaya a allon ba, amma duk lokacin da ta ɗauke wani abu sai ya buga sanda a ƙasa, har malamin can ya roƙe shi ya sassauta.

A jimla Argungu ce ta yi nasara, sun fi mu daɗewa a wasan. Ita ta ci biyu ta faɗi ɗaya. Wanda ta faɗi kuwa da gaske aka cinye ta, ta yi faɗa har dakarenta na ƙarshe, ta tashi tana huci. Ban taɓa murnar faɗuwar ɗalibina irin ta ranar ba.

Mun dawo bayan la'asar. Yayanta yana zaune a kan dakalin ƙofar makaranta, ban san tun yaushe ba. Sauran yara suka fito da gudu kowa na ba da labari. Ita ta sauka a hankali, ta je gabansa ta durƙusa, ta ce, "Yaya, na kai aike. Biyu sun karɓa, guda ya ƙiya."

Ya karɓi jakar daga hannunta ya rataya. Ya ce, "Shi wanga da ya ƙiya, baɗi sai ki koma mai."